Filin Tambaya da Amsa: Wai katakon tik na yanzu jabu ne?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru mani kusan rabinsu kan ice ɗaya ne, tik, katakon nan mai ruwan zuma da ake kawo mana daga kudu ana tsuga mashi kuɗi. Da alama masu tallar dashe a waya ne suka tado da zancen. Na tsamo guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba, sauran ku yi haƙuri sai wata fitowar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni kafinta ne nan Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, shekarata 19 ina wanga aiki. Bara da bazara wani Alhaji ya ba ni aikin ƙofofi shidda da firam ɗin tagogi, ya ce lallai tik yake so ko nawa ne, na je 'yan katako na zaɓo da hannuna aka yanka mani, na yi aiki na shafa mai na kai na kafa. To wallahi Malam damina ɗaya tak gara ta cinye gefen firam biyu, ƙofa guda kuma ta murɗe ba ta rufuwa sai an sa mata ƙafa. Alhaji ya kira ni ya wanke ni tas gaban yaranshi wai malaina na sa mashi na amshi kuɗin tik. Ni kuma ga teburin aikin da na gada wajen maigidana Allah ya jiƙanshi, shi ma tik ne, ya fi shekara 40 zaune kan turɓaya ko ƙwaro bai taɓa shi ba. Shin tik ɗin yanzu jabu ne ko mi?

AMSA: Amin ya Allah, Allah ya kai haske kabarinshi. Maigida kwantar da hankalinka, a yadda ka kwatanta ni ba na jin jabu aka ba ka. Tik ne, amma yaron tik, wanda aka sare tun bai kai munzali ba, teburin maigidanka kuma dattijo ne.

Gobe in ka shiga 'yan katako kar ka tsaya kan falankin da aka riga aka yanka, nemi gungume ka duƙa ka kalli bakinshi. Za ka ga launi biyu, tsakiya ja-ja ko ruwan zuma, sai wani farin zobe ya kewaye shi ta wajen ɓawo. Farin nan shi ne ɓangaren da ke aiki lokacin da icen ke tsaye, ta nan ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye kuma nan icen ke ajiye abincinshi, to ka ga gara da ƙwaron nan mai zubo gari tuwo ka ajiye masu. Jan cikin kuwa ya riga ya daina aiki, icen ya ɗura mashi wani irin maiƙo da sinadarai, akwai guda da masana ke ce ma tektokwinon wanda gara ba ta shiri da shi. Duk kirarin da ka ji ana yi ma tik, wai ruwa bai ruɓar da shi gara ba ta cinshi, jan cikin nan ake yi mawa. Farin gefe kamar kowane farin katako yake a bakin gara. In ka koma gidan Alhaji duba inda aka ci, zan yi mamaki in ba farin aka bi aka tsaya daidai inda ja ya fara ba.

Ga inda shekaru suka shigo. Faɗin farin zoben bai cika canzawa sosai ba, jan ne ke ta ƙaruwa daga ciki yayin da icen ke kauri. Mu ƙaddara farin inci 1 ne kowane gefe. Gungume mai faɗin inci 6 janshi inci 4 kenan, in ka buga lissafin bakin gungumen kashi 44 cikin 100 ne kawai ja, ko rabi bai kai ba. Mai inci 16 kuwa janshi inci 14, kusan kashi 77 cikin 100. To mai injin yanka ya samu ɗan siririn gungume yana so ya fidda tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, ta ina zai kauce ma farin? Dole ya haɗa da shi, wani lokaci har ɓawo kake gani maƙale a kusurwa.

Asalin tik ba icen Afirka ba ne. Gidanshi Indiya da Tailan da Lawos da Bama, Bama ɗin da kakanninmu suka je yaƙi zamanin Hitila ba ta Borno ba, wadda yanzu ake ce ma Miyanma. Can ya yi suna, daga itatuwan daji masu shekara 100 ko fiye, kuma ko sarewar ba a yi da gaggawa, sai a zagaye gindin da sara a yanke farin zoben a bar icen ya mutu a tsaye ya bushe shekara biyu zuwa uku, sannan a kada shi giwaye su ja shi zuwa bakin kogi. Akwai gadar U Bein a Amarapura can Bama, ta tik ce, tsawonta wajen kilomita 1.2, tun wajejen 1850 aka yi ta kuma har yau mutane na bi duk da an canza wasu ginshiƙan. Larabawa saj suke ce mashi, ɗalibai za su tuna hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari ya kawo, cewa da Sayyidina Usman ya faɗaɗa masallacin Manzon Allah (SAW) da saj ya yi rufin. Irin wancan tik ɗin yanzu ko a gidanshi ya yi wuya, Tailan ta hana saran dajinta tun 1989, Bama ta hana fitar da gungume waje a 2014.

Namu na Najeriya duk dasa shi aka yi. Turawa suka kawo iri farkon ƙarni na 20, aka dasa a dazuzzukan gwamnati irin su Olokemeji da Gambari wajen Ibadan, daga baya aka yi na Nimbiya a kudancin Kaduna. Tsarin da, gonar tik sai ta yi shekara 50, 60 har 80 kafin a girbe ta. Yanzu wa zai jira? Shekara 15 ko 20 an sare, wani ma bai kai ba, ga 'yan kasuwar Indiya na zuwa da kuɗi suna ɗibar manyan gungume zuwa bakin teku, ni a ganina abin da ke hauro mana arewa galibi ragowar zaɓe ne.

Ƙofar da ta murɗe kuma abu biyu ne. Katakon da ice ya yi a shekarun ƙuruciyarshi, wanda ke kewaye da cibiyar tsakiya, bai zauna ba, ya fi motsi da karkacewa in yana bushewa, kuma masu bincike a Indiya sun gano tik na ɗaukar wajen shekara 20 kafin ya fara zuba katakon manya. Icen da aka kada a shekara 15 ai duk jikinshi ƙuruciya ce. Duk falankin da ka ga layin cibiya ya ratsa shi, wani laushi-laushi kamar totuwar kara, ture shi gefe, ko ya tsage ko ya kwanta. Sai kuma bushewa. Katako ya taso daga kurmi da ruwanshi, kwana uku bayan tirela, ka saya ka aikata nan take, zafin bazarar Katsina ya zuƙe shi lokaci guda, damina ta jiƙa, hunturu ya sake zuƙewa. Tik na cikin katakan da ba su cika motsi ba in sun bushe, amma fa sai sun bushe ɗin. Ka jera shi a rumfa ba cikin rana ba, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki iska na ratsawa, ka shafa tsohon fenti a bakunan don kar su tsage, ka ba shi watanni.

Nan gaba ka ce daga babban gungume kake so a yanka maka ko da ya fi tsada, ka fere farin ka ajiye shi don benci ko akwati. In dole sai ka yi aiki da shi to kar ya taɓa bango ko ƙasa, kuma ka jiƙa shi da maganin gara sosai, abin daɗin shi ne farin yana shan magani, jan ne bai sha. Batun Alhaji kuma, ɗauki guntun da ya rage ka kankare shi gabanshi, zai ji maiƙo a yatsa da wani wari kamar na fatar dukawa, malaina fara ce sakayau ba ta da wannan. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kai ma da naka laifin, mai shekara 19 a sana'a bai kamata ya manna farin gefe a jikin bango ba. Ka canza mashi firam biyun nan.

TAMBAYA: Malam sannu da ƙoƙari. Ni tsohon ma'aikaci ne na yi ritaya ina zaune Daura, ina da gona hekta 3 a hanyar Mai'aduwa, jigawa ce amma na haƙa bohol mai sola. Wani yaro ya zo mani da hotuna a waya ya ce in sayi dashen tik 3,000 wajensu, wai nau'i ne mai saurin girma, shekara 10 in sare in zama miloniya. Kuɗin giratutina nake so in zuba. Sai wani abokina ya ce tik ɗin da aka ba ruwa da taki ya girma da sauri katakonshi fanko ne ba mai saye. Wanne zan kama?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kafin komai don Allah a maida kuɗin nan aljihu tukuna, mu yi magana.

Abokinka rabin gaskiya ya faɗa. A inda ake rani da damina, tik zobe ɗaya yake yi kowace shekara, shi ya sa ake iya ƙirga shekarunshi a bakin gungume. Farkon damina sai ya yi wani siririn layi mai manyan ƙofofi kamar rariya don ya ja ruwa da sauri ya fidda sabon ganye, sauran daminar kuma ya yi ta zuba katako mai tauri. Layin mai ƙofofi bai cika ƙara faɗi ba, saboda haka icen da ya samu ruwa da ƙasa mai kyau ya yi faffaɗan zobe, taurin ne ya ƙaru mashi. Wanda ya sha wuya ya tsumbure shi ne zobenshi sirara, ƙofa kan ƙofa, shi ne ma ya fi kusa da fankon da abokinka ke faɗa. A jihar Kerala ta Indiya, inda aka fara gonar tik a Nilambur tun shekarun 1840, cibiyar binciken dajinsu ta yi aiki mai yawa kan wannan, musamman wani masani K. M. Bhat, kuma abin da suka samu shi ne saurin girma shi kaɗai bai rage ma tik nauyi ko ƙarfi yadda mutane ke zato. Busasshen tik mai kyau, dunƙulen da ke da mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, yana kai wajen kilo 650, kuma na gona in ya manyanta bai yi nisa da haka ba.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne launi da juriya. Su dai waɗannan masu binciken sun gwada itatuwa 'yan shekara 35 daga wuri mai yawan ruwa da wuri mai ƙarancin ruwa. Na wurin ruwa sun fi kauri amma katakonsu ya fi fari-fari, sinadaran cikin sun fi ƙaranci kuma wani nau'in ruɓa ya fi saurin kama su, na busasshen wuri ƙanana ne amma sun fi duhu da baƙaƙen zane kuma sun fi juriya. Wato kowane wuri da abin da yake bayarwa da abin da yake hanawa.

Sai dai fa Baba busasshen wuri a Kerala ba Daura ba ne, can wurin da suke kira busasshe ya ninka mu ruwa. Tik yana son ruwan sama milimita 1,200 zuwa 2,500 a shekara da rani na wata uku zuwa biyar. Mu nan Katsina da Daura wajen milimita 600 zuwa 700 muke samu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata bakwai ko takwas ba ɗigo. Mu ce giɓin milimita 600 za ka cike da bohol, lita miliyan 6 kenan a kowace hekta kowace shekara, jarka mai lita 25 guda 240,000, hekta 3 kuma lita miliyan 18. Ba shekara ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ban sa abin da rana da rairayi za su shanye ba. Ranar da famfon ya lalace a watan Afrilu fa?

Ga kuma ƙasa. Tik icen 'yan gata ne, yana son ƙasa mai zurfi mai taki wadda ruwa ke ratsawa ya wuce, irin ta gaɓar kogi, mara tsami, mai sinadarin alli. Jigawa ba ta riƙe mashi ruwa ba ta da abinci, fadama mai laka inda ruwa ke kwanciya saiwarshi ruɓewa take, in kuma akwai marmara a ƙasa kusa sai ya yi 'yan shekaru yana tashi ka ji daɗi, saiwa na taɓa marmarar ya tsaya cak. A wurin wahala tik ba lallai ya mutu ba, abin da yake yi shi ne ya gajarce, ya karkace, ya yi fure da wuri, kuma da ya yi fure a ƙoƙuwa miƙewarshi ta ƙare sai ya rabu biyu. Ka samu icen inuwa da damina, da rani ma ganyen zubewa yake kakaf, amma gungumen da masu injin yanka katako za su saya babu.

Ni da kaina na taɓa faɗawa. Wani mai talla ya sayar mani da guda 12 na kai 'yar gonata wajen Batagarawa, awaki suka yi rabonsu, gara ta yi nata, bazara ta ƙarasa, biyu suka rage kuma su ma na kusa da rijiya ne, har yau kaurinsu bai fi cinyata ba.

Maganar shekara 10 kuwa, ko a kurmi inda komai ya yi mashi daidai abin da tik ɗan shekara 10 ke bayarwa turaku ne da sandunan rumfa da falwaya, kuma yawancin jikinshi farin gefe ne, duba amsar da na ba kafinta a sama. Nau'i mai kyau gaskiya ne akwai shi, yana taimakawa wajen miƙewa da saurin tashi, amma ba ya zuwa da daminarshi. Ka ce ma yaron ya kai ka gona ɗaya tak a arewacin jihar nan da aka dasa tik aka girbe aka sayar da katako, ka gani da idonka, cinikin biri a sama ba naka ba ne a wannan shekarun. In kana sha'awa dasa 20 ko 30 kusa da bohol inda ƙasar ta fi zurfi, ka killace, ka gani shekara uku. Sauran gonar ga bedi da turare a kan iyaka suna ba da turaku, ga gawo cikin gero da ke ƙara ma ƙasa ƙarfi, maɗaci ma na yi in ya samu ban ruwa yana ƙarami duk da akwai tsutsar da ke cin kan tohonshi ta sa shi rassa. Jikoki kuma a binne masu ƙwallon giginya, azara dai kakanninmu sun gama gwada ta da gara.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina haɗa ma ɗiyata kayan ɗaki, bikin bayan salla ne. Na je wajen masu gadaje nan Katsina an nuna mani biyu duka an ce tik ne, ɗaya ya yi duhu da wasu baƙaƙen layuka ɗaya kuma haske gare shi kamar man shanu, mai duhun ya fi tsada nesa. Ko dai yaudara ce?

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya sa alheri ya kai mu lokacin. Zai iya yiwuwa duka biyun tik ne. Launi yana bin wurin da icen ya tashi da shekarunshi, na wurin da ake dogon rani ya fi duhu da zane, na wuri mai yawan ruwa ko ƙaramin ice ya fi haske. Sannan sabon yankan tik dama fatsi-fatsi yake fitowa wani har da ɗan kore, sai ya sha haske 'yan watanni yake komawa ruwan zuma. Don gado da sif da ke cikin ɗaki kan tayil, mai hasken ma zai yi aikinshi in dai jan ciki ne kuma ya bushe, ba sai kin kashe kanki ba.

Abin tsoron shi ne kala. Yaran yanzu sun iya haɗa kala su shafe farin gefe, ko ma wani katakon daban, ya fito kamar tsohon tik. Ki sa a juya maki gadon ki duba ciki da ƙasa inda ba a shafa komai ba, ki sa a ɗan kankare wani lungu da wuƙa. In duhun a fata kawai ya tsaya ciki fari fat, kin gane. Ki shafa wurin da yatsa ki ji ko da maiƙo, ki shinshina. Ki duba ƙafafun musamman don su ke taɓa ƙasa, kuma ki tafi da wani kafinta na gida wanda ba shi da kaso a cinikin. Kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago, a biya kuɗin mai duhu a kawo ma amarya fenti.

TAMBAYA: Yaya barka da war haka. Mahaifinmu kafin ya rasu ya dasa tik a wata gona kusan hekta ɗaya tsakanin Funtuwa da Ɗandume, yanzu shekararsu 12. Sun yi cunkus, taku biyu-biyu ne tsakaninsu, wasu sun miƙe wasu sun karkace wasu sun rabu biyu, kuma kusan kowace shekara wutar 'yan farautar ɓera na shiga. Wani ya zo zai saya ya ce shi zai zaɓi 200 ya sare. 'Yan'uwana na so a sayar. Mi ka gani?

AMSA: Ƙanena Allah ya jiƙan Baba, ya bar maku abu mai kyau. Yankinku ya fi mu ruwa, wajen milimita 1,000 ko ɗan fiye, bakin iyakar tik kenan, in ƙasar na da zurfi zai yi ko da ba kamar na kurmi ba.

A sayar, amma ku za ku zaɓa ba shi ba. Mai saye in ka bar shi miƙaƙƙun zai kwashe ya bar maku guragu, alhali aikin da gonar ke jira akasin haka ne. Tik ba ya son inuwa ko ta ɗan'uwanshi. Ana dasa shi kusa-kusa da farko, mita 3 da mita 3 yana ba da 1,111 a hekta, naku ma ya fi haka matsi, don su yi tseren neman rana su miƙe ba rassa, daga shekara huɗu ko biyar kuma sai a fara ragewa kamar yadda ake cirar gero, har a ƙare da 150 zuwa 250 a hekta. Ku kun makara, shi ya sa suka yi tsawo ba kauri. Ɗauki fenti ka zagaya ka sa ma miƙaƙƙu masu lafiyayyen kai alama, waɗannan ba mai taɓa su, sai a fidda karkatattu da masu rabuwa biyu da waɗanda aka danne. Kar a cire duka lokaci ɗaya, bana kashi ɗaya cikin uku, bayan shekara uku a ƙara, don in ka buɗe masu fili kwatsam iskar farkon damina na kada su kuma jikinsu na fesowa da sababbin rassa, kowane reshe kuma gaɓa ce a cikin falanki gobe. Ƙananan rassan ƙasa a yanke da zarto dab da jiki da rani, ba da adda ba, manyan kuma a bar su, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kututturen da aka sare zai toho, in akwai fili a bar toho ɗaya mai ƙarfi.

Wutar nan ta fi komai damuna. Tik babba wuta ba ta cika kashe shi ba, shi ya sa mutane ke rainawa, amma tana ƙona gindi ta bar tabo, ruɓa ta shiga ta nan, shekara 20 ka kada ice ka iske kogo a gungumen ƙasa wanda shi ne mafi kuɗi. Kuma ganyen da ya zuba shi ne takin gonar, in ya ƙone kowace shekara ƙasa na zama tsirara ruwa ya wanke ta, dama ƙarƙashin tik ciyawa ba ta cika fitowa ba. Da kaka kafin ganye ya fara zuba ku share hanya mai faɗi kewaye da gonar. Kafin a sa gatari a leƙa wajen malamin daji na ƙaramar hukuma a yi takarda don kar a tare mota a hanya. Waɗanda kuka sa ma fenti kuma a ba su aƙalla wata shekara 13 ko 15, ka zaunar da 'yan'uwa a rubuta wannan tun yanzu kowa ya sa hannu.

TAMBAYA: Malam ni yaron shago ne a Daura. Mi ya sa in muna aikin tik zarto ke saurin dakushewa, gam kuma wani lokaci bai kamawa?

AMSA: Samari akwai wani sinadari irin na yashi, silika, a cikin katakon, shi ke cin haƙoran zarto, kuma yawanshi ya danganta da inda icen ya fito shi ya sa wani lodin ya fi wani wahala. Ka ce ma oganka ya sayi faifan yanka mai haƙoran kabayid. Gam kuma maiƙon ne ke hana shi, goge wurin da tsumma da ɗan tina ka bari ya sha iska sannan ka shafa ka ɗaure nan take. Ƙusa kusa da baki a fara huda mata rami. Ka riƙa rufe hanci in ana gurza shi, garin tik na sa ma wasu ƙaiƙayi da atishawa.